Cokali Ɗaya Kawai

An yi wani mutum a wani babban gari, shekarun baya, tun lokacin da kaset yake tashe, wanda duk ya rataya rikoda a kafaɗa sai a yi ta kallonsa. Ba zan faɗi sunan garin ba, don kada wani ya fita daga nan ya ce ai da kakansa nake. Sunan mutumin Irmiya. Ba fasto ba ne, ba dattijon ikilisiya ba ne, ko cikin mawaƙa ba a taɓa sa shi ba, domin in ya ɗaga murya sai waƙar ta kama wata hanya dabam. Wani bawan Allah ne kawai mai gyaran risho, yana da 'yar rumfarsa ta kwano a bakin titi.

Yaran yanzu, na ga kuna kallon juna. Risho abin girki ne mai kananzir da lagwani, ku tambayi iyayenku mata in an tashi.

To, Irmiya yana da wata al'ada a wajen aikinsa wadda ta sha haɗa shi faɗa da matan unguwa. In ya liƙe tankin risho da dalma, ba ya ba ki shi a ranar. Sai ya zuba kananzir, ya shimfiɗa tsohuwar jarida, ya ɗora rishon a kai, ya ce ki dawo gobe. Ki yi magiya, ki ce baƙi gare ki, ki ce maigida zai dawo da yunwa, shi dai gobe. In gari ya waye jaridar a bushe take, ya miƙa miki abinki. In ya ga ɗan danshi, ko da bai fi ƙwayar gero ba, ya sake aiki daga farko. Yakan ce, "Fenti ba ya gaya mini komai, jarida ce take gaya mini." Ya taɓa ganin matar da risho mai yoyo ya kama da wuta a gabanta, tun daga ranar bai ƙara yarda da abin da idonsa ya gani da farko ba.

Halin nan ya bi shi har cikin zamansa da mutane. In ka yi masa fara'ar da ta wuce kima, sai ya fara tunanin me kake nema. Matarsa Afiniki takan ce ko mala'ika ne ya sauka a gidansu, sai Irmiya ya ɗora shi a kan jarida ya kwana tukuna.

Ana nan sai Afiniki ta kama tari. Aka ce mura ce, aka ce sanyi ne, tana ta ramewa, har ta fara tofar da jini. Da aka je asibiti aka ce tarin fuka ne. Aka ba ta ƙwayoyi, aka ce kullum ne, wata shida cur, ko ta ji sauƙi kada ta kuskura ta daina, domin in ta daina a tsakiya ciwon zai dawo da ƙarfin da ya fi na da. Irmiya ne yake goya ta a keke zuwa asibiti. Shi ne yake tsayawa a kanta kowace safiya sai ta haɗiye, ranar da ta yi kuka ta ce ta gaji, ya durƙusa a gefenta ya yi addu'a, ya tashi ya sake miƙa mata. Ya ware mata wani kofin silba, ya ɗaura masa jan zare a hannu don kada a haɗa da na sauran mutanen gida. 'Yan zumuntar mata suna kai kunu, ikilisiya tana addu'a. Bayan wata shida likita ya gwada ta, ya ce ta warke sarai, ba abin da ya rage, ba kuma wanda za ta shafa wa. Amma kofin nan ta riga ta saba da shi, ta ci gaba da shan ruwa a ciki.

Ranar Lahadin da ta koma sujada, da aka ba da lokacin shaida, Irmiya ya miƙe. Mutumin da gaisuwa ma a taƙaice yake yin ta, ran nan bakinsa ya buɗe. Ya faɗi jinin, ya faɗi keken, ya faɗi safiyar da ya ɗauka ba za ta wuni ba. Mata suka yi ta share hawaye da bakin zane. Da aka tashi manyan mutane suka zo suna miƙa masa hannu. Ku saurara, ku riƙe wannan da kyau: abin ya yi masa daɗi. Shekara hamsin da wani abu ba wanda ya taɓa yin shiru don ya ji maganarsa, sai ran nan. Ya yi mako guda yana maimaita shaidar a zuciyarsa yana gyara wuraren da bai faɗa da kyau ba.

A bencin baya kuwa ran nan akwai wani baƙo, matashi mai tsabta, takalminsa yana ƙyalli. Ya ce sunansa Ɗan'uwa Filimon. Ya dawo Lahadi ta biyu, ya dawo ta uku. Kowa yana yabonsa, ga ladabi, ga gaisuwa har ƙasa. Irmiya kaɗai ya lura cewa Amin ɗin Filimon ta fi ta kowa ƙarfi, kuma tana riga ƙarshen addu'ar zuwa. Ya lura littafin waƙoƙinsa sabo ne fil, wasu shafukan ma a manne suke. Ya lura in an sunkuyar da kai ana addu'a, idon Filimon yana zagaya benci benci. Kada ku tambaye ni yadda Irmiya ya gani alhali shi ma ya kamata idonsa a rufe yake. Na gaya muku mutumin kirki ne, ban ce muku ba shi da laifi ba.

Cikin makon nan ne aka zo aka shafa wa rumfarsa jan fenti. Za a faɗaɗa titi, ƙarshen wata duk rumfunan layin za a rushe. Shekara ashirin da biyu yana zaune a wurin. Ba shi da wani wurin, ba shi da wata sana'ar, jinyar Afiniki kuma ta cinye ɗan abin da aka tanada. Bai gaya wa kowa a majami'a ba, kunya ta hana shi.

Kashegari yana cikin sa lagwani sai ya ga takalmi mai ƙyalli a gabansa.

"Salama alaikum, Baba. Sannu da aiki. Ashe kuma haka abu ya faru da rumfa? Tun jiya na ji, na kasa cin abinci."

Irmiya ya amsa, ya jawo masa benci, a ransa yana cewa: a wurin wa ya ji tun jiya, kuma wa ya nuna masa rumfata?

Filimon ya ce, "Baba, shaidar nan taka ba ta bar ni na yi barci ba. Irin wannan bai kamata ta tsaya a cikin bango huɗu ba. Ina da rikoda. Mu ɗauka a kaset, duk garin nan ya ji abin da Ubangiji ya yi. Wata nawa ma ta yi tana aman jinin?"

"Ba amai ba ne, tofarwa take yi."

"To, ai kusan ɗaya ne. Da yawa dai ko?"

Irmiya ya dube shi. Ya ga fuskar yaron ta washe da aka zo maganar jini. Ya kuma lura, tun da ya zauna bai ce yaya jikin Mama ba. Sai ya ce, "Ka dawo gobe."

Ya dawo goben. Wannan karon da jaka. Ya buɗe ya fito da wata kwalba mai ruwan ɗorawa, da takarda mai hoton mutum ya banƙare ƙirji, an rubuta Ƙirji-Sarai. Ya ce maigidansa ne yake haɗa shi, maganin tari ne kowane iri. Ya ce maigidan nan mutum ne mai son taimakon bayin Allah, kuma yana da shago a sabon gini kusa da tasha, ba kowa a ciki. Ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli, ya ajiye shi a kan teburin aiki, a tsakanin dalma da almakashi.

"Naka ne, Baba. Abu ɗaya kawai. A cikin shaidar ka ƙara da cewa Mama ta sha Ƙirji-Sarai."

"Ai ba ta sha ba."

Filimon ya yi dariya, ya dafa ƙirjinsa. "Haba Baba, ni zan sa ka ƙarya? Ni ma fa mai bi ne. Ranar da za mu ɗauka zan zo da cokali. Mama ta sha cokali ɗaya a gabanka. Sai ka ce ta yi tari, gaskiya ne. Ka ce ta sha wannan, gaskiya ne. Ka ce ta warke, gaskiya ne. Ka ce Ubangiji ne ya yi, gaskiya ne. Nuna mini ƙaryar a ciki."

Kuna tare da ni? A taɓa mini ɗan'uwan nan da yake gyangyaɗi a bayan ginshiƙi, wurin nan ne bai kamata ya wuce shi ba.

Irmiya ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, bai ga inda take yoyo ba. Kowace jimla a tsaye take. Duk da haka wani abu yana yi masa wari, irin warin kananzir da hanci yake ji kafin ido ya gani. Ya tura makullin ya ce, "Riƙe abinka. Ka zo gida ranar Asabar."

Amma da yamma ya hau kekensa ya je ya ga shagon. Wannan ma kada in ɓoye muku. Ya leƙa ta taga. Daɓen siminti, ƙofar ƙarfe, wutar lantarki, ba ruwan sama da zai ɗigo a kan dalma, ba mai zuwa da jan fenti. Ya tsaya ya fi rabin awa yana tsara inda zai sa tebur da inda zai jera risho.

Ya shawarci mutum biyu a kan layinsu, duk amsa ɗaya. "Irmiya, kai dai ka cika tsoro. Haka duniya take tafiya yanzu. Waɗanda kake ji a rediyo suna yabon sabulu, ka ɗauka da shi suke wanka? Kowa ya san talla talla ce."

A gida ma bai sami sauƙi ba. Afiniki ta ajiye masa tuwo ta zauna a gefe. "Maigida, ni ce zan sha, ba kai ba. Cokali ɗaya. Na haɗiye ƙwayoyin da suka fi haka ɗaci wata shida. Ka dubi gwiwarka, ka dubi furfurarka. In an rushe rumfar nan, ina za ka zauna? Wa ya sani ko amsar addu'armu ce Allah ya aiko, kai kuma kana nan kana shinshina ta?"

Wannan maganar ce ta fi damunsa. Domin ya san halinsa. Ya san ya sha zargin mutanen da ba su yi komai ba. Yana iya yiwuwa yaron nan mai gaskiya ne, maganin ma yana aiki, shi ne kawai zuciyarsa ta tsufa da zargi. Ya ji tsoron ɗaukar alhakin ɗan mutane, ya kuma ji tsoron mayar da kyautar Allah. Can ƙasa da waɗannan duka akwai wani abin da ya ji kunyar faɗa ko ga Afiniki: yana so a ji muryarsa a duk garin. Ya durƙusa ya ce, "Ya Ubangiji, ni mai gyaran risho ne, ba ni da ilimin gane irin wannan. In akwai yoyo, ka nuna mini shi yadda irina zai gani."

Asabar da hantsi Filimon ya iso, rikoda a kafaɗa, kwalba a jaka, sabon cokali a aljihun gaba. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka ba shi kujera. Afiniki tana gefe tana suyar attarugu. Ku mata kun san abin da attarugu yake yi in ya sha mai. Hayaƙin ya shige mata maƙogwaro, ta sarƙe, ta yi tari sau uku huɗu.

Ba wanda ya lura da komai sai Irmiya. Filimon bai daina murmushi ba, bai daina magana ba. Amma ƙafarsa ta tura kujerar baya kamar taki ɗaya, hannunsa kuma ya zaro hankici ya kai hanci, wai yana share gumi.

Irmiya ya juya wajen matarsa. Sannan ya ce, "Afiniki, mun bar baƙo ba ruwa. Kawo masa. A kofinki za ki kawo."

Ta dube shi, ya dube ta. Ta tashi ta ɗebo ruwa a randa, ta rusuna ta miƙa. Filimon ya karɓa, ya ga jan zaren.

Irmiya ya ce, "Kofin jinyarta ke nan. Da shi ta sha ruwa wata shida. Kai da kake son labarin nan, na ga ya kamata ka sha a ciki."

Kofin ya tsaya a hannun Filimon tsakanin gwiwa da baki. "Ai Baba, ban daɗe da shan ruwa ba."

"Kurɓi ɗaya. Ba a mayar da ruwan gida."

"Cikina ne ba ya son ruwan randa."

"Ɗana, an wanke shi ya fi sau dubu. Likita ya ce ta warke, ni kaina ina sha a ciki. In ma kana jin tsoro, ga maganin tari kowane iri a jakarka, ga cokali a aljihunka. Ka sha ruwan, ka bi shi da cokali ɗaya. Me zai same ka?"

Filimon ya sunkuya a hankali ya ajiye kofin a ƙasa, ya goge yatsunsa a wando.

Irmiya ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, ya kuma ji baƙin ciki, domin a daidai lokacin ya san shagon ya tafi. Ya ce, "To, na gani. Ba ka yarda ta warke ba, ba ka kuma yarda da abin da yake cikin kwalbarka ba. Biyun da kake so in gaya wa gari, kai ko ɗaya ba ka gaskata ba. Bari in tambaye ka. Su wa za su tsaya su saurari kaset ɗin nan?"

"Kowa da kowa."

"A'a. Masu tari ne za su tsaya, da masu jinyarsu. Wanda yake wata na biyu, ya gaji da ƙwayoyi, yana kuka kamar yadda wannan ta yi. In ya ji ni, ni da ya san matata, na ce ga abin da ta sha, me zai yi da ƙwayoyin asibiti?"

"Wannan kuma ruwansa ne. Kai dai ba ka yi ƙarya ba."

"Ta warke kafin ta sha. Kai kana so mai ji ya ɗauka ta sha kafin ta warke. Ko ban faɗi ƙaryar da bakina ba, ni na kai ta kunnensa. Kuma ka ce in ɗora sunan Ubangijina a kai don ta shiga da kyau. Ɗauki kayanka."

A nan ne fentin ya ɓare. Ladabin ya tafi, kiran Baba ma ya tafi. Filimon ya miƙe yana cusa kwalba a jaka. "Tsoho, kai ka san wane zamani ake ciki? Ka ɗauka kai kaɗai ne mai baki a cocin nan? Mun zaɓe ka ne don an ce in ka faɗi magana har waɗanda ba addininku ɗaya ba suna yarda. Abin da kake da shi ke nan, shi kaɗai, ga mai saye ya zo ka ƙi sayarwa. Ka jira katafila."

Ya fita. Ba a ƙara ganinsa a majami'a ba.

Katafila kuwa ta zo. Ƙarshen wata aka kwashe layin tas. Irmiya ya ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan keke, mutum mai furfura, ya shiga bin lungu lungu cikin rana yana kira, "Gyaran risho! A kawo risho!" Wasu ranakun ya samu, wasu ranakun ya dawo da ƙura kawai. Afiniki ta ga abin da ya faru da kofi da idonta, ta san gaskiyar mijinta, amma duk da haka ta yi kwana biyu tana ajiye masa abinci ba ta ce masa sannu ba. Kada ku ga laifinta, ita take ganin ƙafafunsa a kumbure da yamma.

Ba a yi wata guda ba sai ga mota da lasifika a kanta tana zagaya kasuwa da tasha. Muryar wani mutum tana fita, murya mai daɗi, tana ba da shaida: matarsa ta yi tari, ta sha Ƙirji-Sarai, ta warke, yabo ga Ubangiji. Irmiya yana kan keke ya ji. Ya gane muryar. Wani ɗan'uwa ne da suke zama benci ɗaya, wanda matarsa ta yi 'yar mura da damina. Ba zan faɗi sunansa ba. Shagon nan mai ƙofar ƙarfe shi aka ba. Duk ranar da Irmiya ya bi ta tasha ya gan shi zaune a inuwa, sai ya ji zuciyarsa ta yi nauyi, ya taka keke ya wuce.

Yanzu ku ba ni kunnuwanku.

Wata safiya yana ɗaure akwatinsa a ƙofar gida sai ga maƙwabcinsa Malam Sabitu, tela, Musulmi, wanda suka yi shekara goma sha biyar katanga ɗaya. Bayan sun gaisa Malam Sabitu ya zaro kwalba mai ruwan ɗorawa daga aljihun rigarsa.

"Maƙwabci, wata magana ce ta kawo ni. Ka san mai ɗakina tana kan ƙwayoyin nan, yau wata biyu da kwana tara. Tarin ya lafa, amma ta gaji, kullum sai an yi rigima. Jiya na ji motar nan daga nesa, wai wani Kirista matarsa ta yi tari ta sha wannan ta warke. Na ce a duk unguwar nan wa aka sani in ba kai ba. Na saya. Ita har ta tattara ƙwayoyin za ta zubar. Na ce ta dakata in ji daga bakinka. Ni ban yarda da mota ba, ban yarda da kwalba ba. Amma in kai ne ka faɗa, yau za ta daina."

Irmiya ya dakata da ɗaurin akwatin. Ya tuna ranar da ya tsaya yana leƙen shago yana tsara inda zai sa tebur. Ya ga kaɗan ya rage da muryarsa ce a lasifikar nan.

Ya ce, "Malam, ba ni ba ne. Sun zo, na ƙi. Ko ɗigo Afiniki ba ta sha ba. Ƙwayoyin nan ta sha har ranar ƙarshe, Allah ya ba ta lafiya. Kada ka bari ta tsallake ko kwana ɗaya."

Malam Sabitu ya dube shi, ya dubi kwalbar. Ya cire murfin ya tuttular da ita a kwata. Afiniki tana bayan ƙofa, ta ji komai. Ta shiga ɗaki ta yafa gyale, ta wuce gidan Malam Sabitu. Tun daga ran nan har wata huɗu, kowace safiya ita take zuwa ta tsaya a kan matar nan sai ta haɗiye. Matar ta warke. Ta rayu, ta aurar da 'ya'yanta, ta goya jikoki.

Ba kowane gida ne yake da maƙwabcin da za a tambaya ba. A garin nan akwai waɗanda suka ji lasifika, suka ji an ambaci sunan Allah, suka zubar da ƙwayoyinsu. An kai wasunsu makabarta kafin shekara ta zagayo. Hanyar makabartar kuwa ta gaban tasha ta bi, ta gaban shagon nan mai ƙofar ƙarfe.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce daga baya Irmiya ya yi arziki, wani attajiri ya gina masa shago mai hawa biyu. Bai yi ba. A kan keken nan ya ƙare aikinsa, har gwiwa ta hana shi takawa. Abin da ya samu shi ne, ranar da ran mutum ya rataya a bakinsa, bakin nasa ne, bai riga ya sayar ba.

To, 'yan'uwa, ga inda maganar ta iso gare mu. A garin nan da muke zaune da wuya wani ya tare ka ya ce ka musanci Yesu. Iblis ya san ba za ka yi ba, ba ya ɓata lokacinsa. Zai aiko wanda ya iya gaisuwa, wanda Amin ɗinsa ta fi taka ƙarfi, a daidai makon da aka shafa wa rumfarka jan fenti. Ba zai ce ka yi ƙarya ba. Zai jera maka gaskiya huɗu yadda in an haɗa su za su kashe mutum. Zai ce cokali ɗaya ne, kowa yana yi.

Kai ma'aikaci, da aka ce sa hannu kawai za ka yi, ba kai ka rubuta ba. Ke da aka zo tambayar halin yaron da yake neman aure, kika faɗi masu kyau uku kika haɗiye na huɗun da kika sani. Kai mai waya, da kake tura wa mutane duk saƙon da aka rufe da sunan Allah, ba ka bincika ba, su kuma suna karɓa domin daga wurinka ya fito. Da ku nake, da kaina kuma nake. Abin da ake nema a wurinka ba bakinka kawai ba ne, yardar da maƙwabcinka ya yi maka ce, wadda ya yi domin ya ga kana bin Ubangiji.

Ban ce ku zama masu zargin kowa ba. Irmiya ma ya sha tuba a kan wannan. Na ce in alheri ya zo yana gaggawa, yana kuma neman ku ara masa sunanku na masu bi, ku ce masa ya dawo gobe. Ku ɗora shi a gaban Allah ya kwana. Ku tambayi kanku: wa zai ji wannan, kuma me zai yi in ya ji? In kun ga danshi, ko da bai fi ƙwayar gero ba, ku mayar da makullin.

Domin akwai safiyar da wani Malam Sabitu zai tsaya a ƙofar gidanka da kwalba a hannu, ya ce in kai ne ka faɗa, ya yarda. Ubangiji ya sa ran nan mu iya ɗaga kai mu dube shi. Mu tashi mu yi addu'a.